Zuba Da Baƙin Yaƙi: Daga Sarki Makau Zuwa Mutanen Gwoza

Duk wanda ya taɓa kwana a tashar Zuba, ko ya yi sammako zuwa kasuwar kayan marmari, ya san irin baƙin da motocin dare kan sauke. Akwai ɗan kasuwa, shi da ganinsa ka san ya san inda ya dosa. Akwai ɗan cirani da 'yar jakarsa a kafaɗa. Sa'an nan akwai wasu na uku: mace da yara huɗu ko biyar, da ƙullin tufafi, da tukunya ɗaya, ba wanda ya zo tarbarsu, in ka tambaye su unguwar da za su sai su yi shiru suna dubanka. To, waɗannan su ne baƙin yaƙi, kuma a kansu muke so mu yi magana a wannan fitowa.

Dalilin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, mukan ji wasu daga cikinmu suna cewa ai taimakon 'yan gudun hijira aikin gwamnati ne, mu baƙi ne a nan, neman abinci ya kawo mu. Gaskiya ne aikin gwamnati ne. Amma in muka waiwayi tarihin wannan gari da muke zaune a cikinsa, za mu ga cewa zaman Hausawa a wannan yanki, da girmansa da sarautarsa, a kan saukar da masu gudun yaƙi aka kafa shi. Bari mu faro daga tushe.

Sarkin Da Ya Zo Gudun Hijira

Zuba tsohon gari ne na Koro, tun kafin a yi mafarkin Babban Birnin Tarayya, kuma yana cikin garuruwan kudu da ke bin Zazzau suna kai gaisuwa. A farkon ƙarni na 19, da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya iso ƙasar Zazzau, rundunar Malam Musa ta ci birnin Zariya. Littafin tarihin Abuja wanda Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, wanda Frank Heath ya fassara da Turanci aka buga a 1952, ya sa abin a shekarar 1804. Wasu masana tarihi kuwa sun kai shi 1808. Labarin da aka gada shi ne Sarkin Zazzau na Haɓe, Muhammadu Makau, yana Masallacin Idi a bayan gari aka auka masa, bai sami komawa cikin birni ba, sai ya yi kudu da jama'ar da suka bi shi.

A nan ba shari'ar wa ke da gaskiya muka zo yi ba, wannan malamai sun yi ta, suna kan yi. Abin da ya dame mu shi ne tafiyar kanta. Sarki ne da fadawansa da malamansa da mata da yara, an raba su da gidajensu da rumbunansu rana ɗaya. Suka isa Kauru, aka rufe musu ƙofa. Suka wuce Kajuru, aka buɗe musu, amma rundunar da ke binsu ta kewaye garin wata da watanni, har ya zama tilas su sake ɗaukar hanya. Daga ƙarshe suka iso ƙasar Zuba, Sarkin Zuba ya karɓe su, a nan ne suka sami wurin da za su ajiye kaya su numfasa.

Ku duba fa, gari biyu ne a gabanmu, wanda ya rufe ƙofa da wanda ya buɗe. Wanda ya rufe ba lallai mugunta ce ta sa shi ba, tsoro ne, domin duk wanda ya sauki mai gudun yaƙi ya san masu korarsa na iya biyo sawu. Wanda ya buɗe ma ya san da haka, amma ya buɗe. Abinci da ruwa da wurin kwana na jama'a masu yawa ba ƙaramin nauyi ba ne a kan garin manoma, kuma a lokacin babu wata hukumar agaji da za a rubuta wa takarda. Rumbun talaka ne ya ɗauki nauyin.

Makau ya ci gaba da yaƙe-yaƙe daga wannan yanki har aka kashe shi a Lapai a 1825. Ƙaninsa Abubakar Jatau, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya gaje shi, kuma a 1828 ya kafa sabon gari ya kewaye shi da ganuwa, aka kira garin da sunansa, Abuja. Masarautar ba ta shiga hannun Zariya ba har Turawa suka zo a 1902. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar Babban Birnin Tarayya ranar 3 ga Fabrairu 1976, sai aka ari sunan Abuja aka ba sabon birnin, tsohon garin kuwa ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Har gobe Sarkin Suleja Sarkin Zazzau ake kiransa. Wato ke nan sunan da hedkwatar Nijeriya take amsawa, sunan ɗan gudun hijira ne.

Baƙo Da Mai Masauki

Kada mu faɗi rabin labari mu bar rabi. Baƙin da aka saukar sun yi ƙarfi, masarautarsu ta mallaki garuruwan Gwari da Koro da Gade da sauransu, kuma ba duka ne suka bi da daɗin rai ba. Sarkin Abuja Ibrahim Iyalai, wanda ya yi mulki daga 1877 zuwa 1902, laƙabinsa Dodon Gwari, kuma laƙabin ya ishi mai hankali bayani. Daga baya, da aka zo gina sabon birni, wasu ƙauyukan 'yan ƙasa ne aka tasa, kamar mutanen Wuse da aka mayar Sabon Wuse a Jihar Neja. Saboda haka in muka ji ɗan ƙasa yana ɗari-ɗari da sababbin baƙi, kada mu yi saurin cewa ba shi da imani. Ya gaji labari ne daga kakanninsa, cewa baƙon da ka ba tabarma yau yana iya neman gonar gobe.

Darasin da ke ciki namu ne. Hausawa sukan ce baƙonka Annabinka, amma su ne kuma suka ce baƙo raɓa ne. Maganar farko hakkin baƙo ce a kan mai gida, ta biyu kuwa tunatarwa ce ga baƙo ya san matsayinsa. Agajin da bai kula da mai masauki ba, ƙarshensa gaba yake haifarwa.

Yadda Agaji Ya Koma Hannun Hukuma

A da can, hanyar saukar baƙo sananniya ce. Kowane zango yana da sarkinsa, akwai fatoma mai saukar fatake, akwai zauren mai unguwa, akwai masallaci. Wanda guzuri ya yanke masa a hanya yana da rabo a cikin zakka, ba alfarma ba ce. Da wannan tsari Hausawa suka zauna a Kumasi da Ikko da Sabon Ibadan, kuma da shi yawancinmu muka sami wurin kwanan farko a Zuba.

Tsarin gwamnati daga baya ya zo. Bayan babban farin da aka yi a farkon shekarun 1970, aka kafa hukumar agajin gaggawa ta farko a 1976, wadda aikinta bai wuce karɓar kaya da rabawa ba. A 1989 aka kafa Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Ƙasa, kuma ba a daɗe ba yaƙin Laberiya ya kawo mata baƙi, aka buɗe musu sansani a Oru ta Jihar Ogun a 1990. A 1999 aka kafa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, jihohi kuma suka riƙa kafa nasu. A watan Agusta 2019 aka yi wa harkar ma'aikata sukutum, Ma'aikatar Jin Ƙai, Hajiya Sadiya Umar Farouq ce ministarta ta farko.

Akwai wani bambanci da ya kamata mu gane, domin a kansa ne mutane da yawa suke rasa hakkinsu. Mu a Hausa duka 'yan gudun hijira muke cewa, amma a doka iri biyu ne. Wanda ya tsallaka iyaka, kamar 'yan Borno da ke sansanin Minawawo a Kamaru tun 2013, ko waɗanda suka shiga Diffa, ko mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka kwarara Maraɗi a 2019, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 suna kare shi. Wanda ya gudu amma bai bar ƙasarsa ba, nauyinsa yana kan gwamnatinsa. Don irin waɗannan ne ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Kampala a watan Oktoba 2009, Nijeriya ta amince da ita a 2012, amma sai a 2021 gwamnati ta zartar da manufar ƙasa a kan lamarin. Shekara tara ke nan, kuma a cikin waɗannan shekarun ne aka yi gudun hijira mafi girma a ƙasar nan tun bayan yaƙin basasa.

Shekarar 2014

Mu mutanen wannan yanki mun ɗanɗani rikicin Boko Haram tun da wuri. Ranar 8 ga Afrilu 2011 bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe a Suleja. Ranar 26 ga Agusta aka kai wa ginin Majalisar Ɗinkin Duniya hari a Abuja. Ranar Kirsimeti ta wannan shekara aka tayar da bam a cocin Katolika na Santa Teresa a Madalla, nan kusa da mu, mutum fiye da 30 suka rasu, kuma Suleja tana cikin ƙananan hukumomin da aka sa wa dokar ta-ɓaci a ƙarshen shekarar. Amma duk da haka gidajenmu suna nan, mun kwana a cikinsu.

Mutanen arewa maso gabas ba su sami wannan ba. An sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayu 2013, amma abin sai ƙaruwa ya yi. Ranar 30 ga Mayu 2014 aka kashe Sarkin Gwoza, Alhaji Idrissa Timta, a kan hanya. A watan Agusta Gwoza ta faɗa hannun 'yan bindiga, har shugabansu Abubakar Shekau ya yi shelar kafa daula a can. Bama ta bi a Satumba, Mubi a ƙarshen Oktoba. Mutane suka watsu, wasu kan duwatsu, wasu Kamaru, wasu Maiduguri da Yola, wasu kuma suka yi ta haɗa kuɗin mota har Abuja, domin a tunaninsu inda gwamnati take nan ne za a fi jin kukansu.

Haka matsugunan Durumi da Sabon Kuchingoro da Wassa da wasu irinsu suka samu. A Durumi da Kuchingoro bukkoki aka kakkafa da buhunan siminti da leda da tsohon kwano. A Wassa, can bayan Apo, gidajen da aka gina aka bari ba kowa ne suka shiga. Yawancinsu 'yan Borno ne, musamman Gwoza, da Musulmi da Kirista, kuma da yawa Hausa ba harshen gidansu ba ne, harshen kasuwa ne. Manoma ne da suka saba cika rumbu da dawa da wake, yau ga su suna ƙwadago a wuraren gini, ko acaba, ko aron gona a ƙauyukan Nasarawa.

Ƙididdigar da Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta yi tare da NEMA a 2015 ta nuna mutum fiye da miliyan 2 ne suka rasa muhallinsu a cikin gida. Abin lura kuwa shi ne, wajen kashi 90 cikin 100 ba a sansani suke ba, a gidajen 'yan'uwa da na masu tausayi suke, ko a ɗakin haya, ko a kango. Kun ga ke nan abin da ya faru zamanin Makau shi ne ya sake faruwa. Rumbun talaka ne ya ɗauki mafi yawan nauyin.

Inda Agajin Yake Maƙalewa

Ba za mu ce ba a yi komai ba. An kafa Asusun Tallafa wa Waɗanda Rikici Ya Shafa a 2014 a ƙarƙashin Janar T. Y. Danjuma, aka yi dokar Hukumar Raya Arewa Maso Gabas a 2017, ƙungiyoyin duniya suka shigo da abinci da magani, masallatai da coci-coci da masu hali suka yi nasu. Amma tarihin waɗannan shekaru ya nuna mana wurare huɗu da agaji ke maƙalewa.

Na farko shi ne hanya. A watan Yuni 2016 Ƙungiyar Likitoci ta Na-gari-na-kowa ta isa sansanin Bama inda mutum wajen 24,000 ke zaune a harabar asibiti, ta tarar kusan 200 sun mutu cikin wata guda, yawanci saboda yunwa da gudawa. Abinci yana ƙasar, isar da shi ne ya gagara.

Na biyu, hannun da kaya ke bi. A watan Yuni 2017 ofishin Muƙaddashin Shugaban Ƙasa, Farfesa Yemi Osinbajo, da kansa ya bayyana cewa a baya wajen rabin motocin hatsin da ake turawa arewa maso gabas karkatar da su ake yi. Ba 'yan adawa ne suka faɗa ba, gwamnati ce. Allah Ya kiyashe mu da cin abincin maraya.

Na uku, rajista. Matsugunan Abuja ba gwamnati ce ta kafa su ba, kuma hukumomi sun sha nanata cewa sansanonin da aka sani a hukumance suna can arewa maso gabas, mutane su koma jihohinsu. Wanda ba ya cikin littafi kuwa ba shi da rabo na wata-wata, sai abin da masu ziyara suka kawo da azumi ko Kirsimeti, a ɗauki hoto a tafi. Wanda ke raɓe a gidan ɗan'uwa a Zuba ko Madalla ko Dei-Dei, shi ko wannan ma bai samu.

Na huɗu, komawa gida. Sojoji sun ƙwato Gwoza a ƙarshen Maris 2015, kuma daga 2021 gwamnatin Borno ta rufe sansanonin cikin Maiduguri tana mai da mutane garuruwansu. Wasu sun koma sun zauna. Amma manomi ba cikin gari yake noma ba, in daji bai yi lafiya ba, komawarsa zaman jiran sadaka ne a wani wurin. Ga shi kuma kuɗin waje sun ja baya, har a watan Yuli 2025 Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa rashin kuɗi zai tilasta mata dakatar da tallafin mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas.

Wuta Ta Matso

Kada wani ya ce ai Gwoza da nisa. A watan Fabrairu 2021 aka kwashe ɗalibai a makarantar Kagara. A watan Afrilu na wannan shekara Gwamnan Neja na lokacin, Abubakar Sani Bello, ya ziyarci mutanen Shiroro da Munya da suka fake a wata firamare a Minna, ya faɗa da bakinsa cewa Boko Haram sun kafa tuta a Kaure. Ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Mu da ke nan, nawa ne daga cikinmu ƙauyensu na Katsina ko Zamfara ko Birnin Gwari ya tashi? Nawa ne ɗakinsa na mutum biyu ya koma na mutum takwas? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, to mu namu gemun ya riga ya fara hayaƙi.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Ba mu da ƙarfin gwamnati, amma muna da abin da ba ta da shi: mun san tasha, mun san unguwa, mun san wanda ya sauka jiya. Shawararmu ga 'yan ƙungiya ita ce, da farko a sami littafi a hannun Sarkin Hausawa da masu unguwanni, a rubuta kowane iyali da yaƙi ya koro, daga ina, mutum nawa, yara nawa ne ba sa makaranta. Da wannan littafi za a iya tunkarar hukumar agaji da Ƙaramar Hukumar Gwagwalada da hujja a hannu, ba da surutu ba. Shugabannin tasha da 'yan kamasho su san wanda za su kira in irin waɗannan baƙi suka sauka da dare.

Na biyu, karo-karon da muke yi kada ya tsaya a shinkafar azumi. Buhu yakan ƙare cikin mako biyu, amma jarin ƙosai, ko keken ɗinki, ko gurbin koyon aiki a gareji, ko kuɗin makarantar yaro, su ne ke fid da mutum daga bara. Kuma duk abin da aka tara a karanta shi a gaban taro, kwabo da kwabo, domin mun ga yadda rashin amana ya cinye rabin motocin hatsi.

Na uku, kada mu tambayi addini ko ƙabila kafin mu miƙa ruwa. Koron da suka sauki Makau ba Hausawa ba ne. Sa'an nan duk abin da za mu yi, mu sanar da fadar Agora na Zuba da shugabannin 'yan ƙasa, in rijiya za a haƙa kowa ya sha, don kada alherinmu ya zama abin zargi.

Fiye da shekara 200 da suka wuce wani sarki ya iso nan ba gida ba rumbu, aka buɗe masa ƙofa, kuma a inuwar wannan karamci muke kasuwanci yau. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Matar nan da ke zaune a bakin tasha da tukunyarta ba ta san wannan tarihi ba, amma mu yanzu mun sani. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, Ya mai da kowa gidansa cikin aminci, Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.